Gini namu, hoto na wasu: ina ƴan kasuwarmu suke?

 Yau maganar hoto na zo muku da ita, hoton gine-gine, da yadda ake wanke shi ya daɗe. Na san wani zai ce, “Malam, muna fama da canjin naira da sefa da kuɗin duwan, kai kuma kana zancen hoto?” To a yi mini haƙuri a karanta har ƙarshe, domin a ganina magana ce ta dukiya, dukiyar da muke kallo ruwa yana cinye ta a gabanmu, ɗan abin da ya saura kuma wasu ke cin ribarsa.

A farkon watan Satumba na shekarar 2024, bayan ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, tsohon masallacin ƙasa na Damagaram, wanda aka gina tun ƙarni na 19, ya rushe. Da yawa daga cikinmu mun kalli bidiyon a waya, muka yi salati, muka tura wa na gaba. Shekara ɗaya kafin nan, a watan Agusta na 2023, wani sashe na babban masallacin Zariya, aikin Babban Gwani na wajajen shekarun 1830, ya rufta a kan masallata, aka yi asarar rayuka. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Waɗannan su ne manyan da rediyo ya faɗa. Ƙananan kuwa, zaurukan gado da sorayen attajiran da, da rumbunan unguwa, kowace damina suna tafiya babu mai ƙirgawa.

Tambayar da ta tsaya mini a rai ita ce: da a ce an tara magina an ce su mayar da irin wannan gini yadda kakanni suka bar shi, me za a ajiye a gabansu su duba? Bidiyon rushewa kowa yana da shi. Amma hoton da ke nuna kaurin bango daga tushe zuwa sama, da yadda aka jera azara, da inda indararo ke zubar da ruwa, da zanen da ke bakin ƙofa, mutum nawa ne a cikinmu zai iya fito da shi? Kada a ɗauka wannan tambayar wasa ce. A Tumbutu ta ƙasar Mali, bayan da ƴan bindiga suka rusa ƙubbobin tarihi a 2012, maginan garin sun sake tayar da 14 daga cikinsu a 2015 da taimakon UNESCO, kuma cikin abubuwan da suka dogara da su akwai tsofaffin hotuna da bayanin dattawa. Mu ƴan kasuwa ma mun san zafin wannan. Babbar kasuwar Yamai ta ƙone a 1982, sai 1987 aka buɗe sabuwa. Ƙaramar kasuwar Yamai ta ƙone a 2012. Cikin ƴaƴan waɗanda suka yi kasuwanci a can, nawa ne ke da hoton layin da rumfar mahaifinsu take?

Abin da ya faru da ni

Ni kaina na ɗanɗana. Gidanmu na gado yana da zaure mai zankwaye, da zanen dagi a saman ƙofa, a ciki kuma rufin ɗaurin guga. Da ƴan'uwa suka yanke shawarar a rushe shi a yi shagunan siminti, tunda yana bakin hanya, ban hana ba, domin kowa na da bakin da zai ciyar. Na dai fito da waya da tsakar rana na ɗauki hoto biyu ko uku, na tura wa ƙanena ta WhatsApp. Bayan ƴan watanni wayar ta ɓata a tasha. Na karɓo wanda ke wajen ƙanena, na kai wani shagon wankin hoto na ce a yi mini babba. Aka yi, aka sa a firam, na rataya a shago. Tun ranar farko zanen dagin bai fito ba, sai dishi-dishi. Kafin a gama damina ta biyu, jan bangon ya koɗe ya koma ruwan toka, takardar kuma ta manne da gilashi. Alhali hoton kakanmu baƙi da fari, wanda aka ɗauka tun kafin a haife ni, yana nan a adaka, har aikin wuyan rigarsa ana iya gani. Ban ɗora wa mai shagon laifin duka ba. Na kai masa kaya maras kyau, na nemi mai sauƙin kuɗi, ya ba ni daidai kuɗina. Araha dai ba ta ado.

Su wa suka ɗauki hoton gine-ginenmu?

Duk wanda ya nemi hotuna masu inganci na ginin ƙasar Hausa, sunayen baƙi zai fi cin karo da su. Wani masanin gini ɗan ƙasar Foland mai suna Zbigniew Dmochowski ya shafe shekaru a Najeriya yana auna gine-ginen gargajiya, yana zana su, yana ɗaukar hotonsu. An buga aikinsa a littattafai uku a 1990, bayan rasuwarsa, kuma da ƙoƙarinsa aka kafa gidan tarihin gine-ginen gargajiya a Jos, inda aka gina kwatankwacin masallacin Zariya. Wani mai ɗaukar hoto ɗan Birtaniya, James Morris, ya zagaya Mali da Nijar da Najeriya da wasu maƙwabta, ya fito da littafi mai suna Butabu a farkon shekarun 2000, aka kuma baje hotunan a ƙasashen waje.

Waɗannan mutane sun cancanci godiya, domin sun yi aikin da muka yi sakaci da shi. To amma a duba tsarin. Maigida ne ke sayen ƙasa da ramno duk shekara ya yi yaɓe. Magini ne ke hawa bango cikin rana. Hoton kuwa a wata ƙasa ake wanke shi, a can ake rataya shi, a can ake sayar da shi, littafin ma da wuya ka gan shi a garin da ginin yake. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Labarin Seydou Keïta na Bamako ya ishe mu darasi, duk da shi mutane yake ɗauka. Ya buɗe shagon hotonsa a 1948, yana ɗaukar ƴan gari cikin kwalliyarsu, ya ba su ɗan ƙaramin hoto mai santimita 13 da 18, shi kuma ya adana nagatif, wato fim ɗin asali. A 1991 aka nuna wasu hotunansa a birnin New York ba tare da sunansa ba, kamar aikin da ba shi da mai shi. Daga baya aka nemo shi, aka kai nagatif ɗin Turai, aka wanke su manya-manya a takarda mai kyau, wasu har sun zarce mita ɗaya, shi kuma ya sa musu hannu. Hotunan da ƴan Bamako suka biya ƴan kuɗi kaɗan suka koma ana sayar da su dubban daloli. Bayan rasuwarsa a 2001 har kotu aka je a kan wa ke da iko da nagatif ɗin, kuma a 2016 aka yi masa babban baje koli a Grand Palais na birnin Faris. Idon da ya ɗauki hoton bai canza ba. Abin da ya ƙaru abu uku ne: wanki mai inganci, sunan mai aiki, da hanyar kasuwa. Ɗan kasuwa ya fi kowa sanin waɗannan ukun.

Hoto kuma shi ke kai sunan gini inda ginin ba zai je ba. Masallacin Yama na jihar Tawa, wanda magini Falke Barmu ya soma a 1962, ya samu kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986, aka san shi a duniya. A Dandaji, ita ma a jihar Tawa, ƴar ƙasarmu Mariam Issoufou ta zana sabuwar kasuwa mai inuwar faya-fayan ƙarfe masu launi, sannan tare da Yasaman Esmaili suka mayar da tsohon masallacin garin ɗakin karatu suka gina sabo a gefensa, aka kammala a 2018. Mafi yawan masu yabon waɗannan ayyuka a waje ba su taɓa taka Tawa ba, a hoto suka gani. Haka ma tsohon garin Agadas, da UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 2013: hasumiyar masallacinsa mai tsawon mita 27, a hoto yawancin duniya ta san ta.

Ɗaukar hoton gini sana'a ce

Kowa na iya danna waya, amma ba kowa ke fito da gini yadda yake ba. Na farko, idan ka tsaya kusa da dogon gini ka ɗaga kyamara sama, bangayen sai su riƙa haɗuwa kamar ginin zai faɗi baya. Gwani yakan kafa kyamara a kan ƙafa uku, ya daidaita ta kada ta karkace, ya ja baya, ko ya yi amfani da gilashin kyamara na musamman mai zamewa sama, ko ya gyara a kwamfuta. Sai dai a nan akwai tarko ga wanda bai san gininmu ba. Bangon tubali da ma ƙasansa ya fi samansa kauri, hasumiyar Agadas ma tana tsukewa ne yayin da take hawa. Wanda ya miƙar da su sak a kwamfuta ya ɓata aikin magini. Shi ya sa ɗan gida da ya koyi sana'ar zai iya fin baƙo.

Na biyu shi ne haske. Da tsakar rana, kamar yadda na yi, rana na bisa kai, zanen bango sai ya kwanta ya ɓace. Da hantsi ko bayan la'asar haske na zuwa ta gefe, kowane tudu da kwarin zane ya yi inuwarsa, sai ka ga aikin hannun magini kamar ka taɓa. Duk wanda ya bi lungunan Birni a Damagaram da yamma ya san haka. Lokacin hunturu hazo na kashe launi, bayan ruwan farko kuma sararin sama na wankewa. A cikin soro, inda duhu yake, gwani ba ya kunna walƙiyar kyamara, sai ya bar ta a buɗe na ɗan lokaci a kan ƙafa uku har bakan gizo da azara su fito.

Na uku, hoto ɗaya bai isa ba. Ana bukatar fuska huɗu na ginin, da ciki, da rufi, da indararo, har da tsagar bango, a kuma tsayar da mutum ko sandar awo a bakin ƙofa domin a gane girma. Sannan a rubuta ranar, da unguwar, da sunan maigidan, da sunan maginin idan ana tunawa. Abin da aka yi wa Keïta a New York kada mu yi wa maginanmu. Kuma ba a ɗauka sai da izinin maigida ko liman ko fada, ba a leƙa cikin gida inda iyali suke, ba a kuma kusantar bariki ko ofishin kan iyaka da kyamara. Mu mutanen iyaka mun san abin da hakan ke jawowa.

Wanki: inda na asali ya bambanta da jabu

Mai sayar da atamfa ba sai an faɗa masa bambancin mai zuba da wadda ba ta zuba ba. Haka tawadar hoto take. Akwai tawada irin ta rini, wadda launinta ke narkewa cikin ruwa. Tana da arha, tana da ƙyalli ranar farko, amma rana da iska na saurin cin ta. Akwai kuma tawada mai ƙwayoyin launi, wadda aka niƙa launin luƙui ya zauna a kan takarda. Ita gidajen baje kolin hotuna ke amfani da ita, kuma gwaje-gwajen masana sun nuna cewa, idan an haɗa ta da takardar da ta dace an kuma kare hoton daga rana, tana iya kaiwa shekaru masu yawa, wasu nau'o'in har fiye da 100. Injin da ke wannan aiki, irin manyan na Epson da Canon, yana ɗaukar tawada kala 8 zuwa 12, alhali na ofis kala 4 gare shi. Wannan ne ke sa jan ƙasar Agadas ya fito daban da na Maraɗi, duhun cikin soro kuma kada ya zama baƙin tabo kawai.

Sai takarda. Ta yau da kullum da ɓawon itace ake yin ta, tana ɗauke da wani tsami da ke sa ta yi ja ta karye, kamar tsohuwar jarida. Ta ƙwarai da auduga ake yin ta, an raba ta da wannan tsamin. Ledar da ake buga allon talla da hotunan ƴan takara kuwa an yi ta ne don a hango daga nesa na ɗan lokaci, ba ta ajiyar tarihi ba ce.

Sai girman asalin hoton. Hoton waya ko na kyamara ƙananan ɗige-ɗige ne da aka jera. Ƙa'idar da masu wanki suka saba bi ita ce ɗigo 300 a kowane inci. Hoto mai santimita 40 da 60 ke nan yana bukatar ɗigo kusan 4,700 a faɗi da 7,100 a tsawo, wato fiye da miliyan 33. Idan babban hoto ne da za a kalla daga nesa, ƙasa da haka ma na wadatarwa. To amma hoton da aka tura ta WhatsApp a hanyar da aka saba, akan matse shi ya dawo wajen ɗigo 1,600 a tsawo, wanda a wannan ƙa'ida bai wuce santimita 13 da rabi ba. Kun ga abin da ya kashe hoton zaurenmu tun kafin ya isa shago. Wanda zai tura hoto don a wanke, ya tura shi a matsayin fayil, ko ya kai shi a katin ajiya, ya kuma ajiye asalin a wuri biyu.

Kafin a buga babba, a nemi a fara buga ɗan yanki a gani, kamar yadda ba a sayen buhu sai an huda an ga samfur, domin launin fuskar waya da na takarda ba ɗaya ba ne. Bayan an buga, kada a rufe shi da leda mai zafi, don ba ta ciruwa. A sa kwali mai kyau tsakanin hoton da gilashi domin kada raɓar damina ta manne su, a rataya inda rana ba ta bugu, nesa da bangon da ke tsatsafo ko wanda gara ke bi.

Abu na ƙarshe shi ne amana. A wannan kasuwa mai hoto yakan ce, wannan hoton guda 20 kawai zan buga a wannan girman. Sai ya rubuta 3/20 da fensir a ƙasan na uku, ya sa hannu. Ƙarancin da kuma sa hannun su ne ke riƙe farashi. Ranar da ya buga na 21 a ɓoye, ya karya kansa, kamar dillalin da aka kama da mudu biyu.

Abin da masu ja za su ce

Wani zai ce hoto ba ya tare ruwa. Gaskiya ne, kuma ni ma na yarda yaɓe da gyaran indararo su ne gaba da komai. Wanda ke da kuɗin abu ɗaya kawai, ya yi yaɓe. Amma hoton da aka ɗauka bana, idan aka haɗa shi da na baɗi, shi ke nuna tsagar da ke ƙaruwa, kuma shi ake ɗauka a kai wa hukuma ko masu hannu da shuni a nemi gudummawa. Gani ya kori ji.

Wani zai kawo maganar addini. Ni ba malami ba ne, kowa ya tambayi malaminsa. Abin da na sani shi ne, saɓanin da aka saba ji a kan hoton abu mai rai ne, kuma da wuya ka shiga shago a kasuwanninmu ba ka ga hoton Ka'aba ko na masallacin Madina a bango ba. Wanda bai son mutum a hoton, sandar awo ta isa.

Wani kuma zai ce wa zai saya, tunda ƴan yawon buɗe ido sun ɗauke ƙafa saboda matsalar tsaro? Wannan tambayar ɗan kasuwa ce, kuma tana da nauyi. Amsata ita ce kada mu jira Bature. Ku shiga otal-otal da bankuna da ofisoshin garuruwanmu, da falon alhazanmu, ku ga abin da ke bango: duwatsun ƙanƙara da gadojin ƙasashen da ba mu taɓa zuwa ba, duk an sayo su da kuɗi. Ga kuma ƴan'uwanmu na zango a Akara da Kumasi da Lome da Abijan, da na Sudan da Saudiyya, waɗanda jikokinsu ba su taɓa ganin garin asali ba. Ba na yi wa kowa alƙawarin zai yi arziki da wannan dare ɗaya. Injin na da tsada, tawadar daga waje take zuwa, ba ya son ƙura, ba ya son wutar da ke ɗaukewa, idan ya daɗe ba a yi aiki da shi ba kuma bakinsa na toshewa. Hoton biki da na maniyyata da na ƴan makaranta su za su riƙe shagon yau da gobe, hoton gini ya zo a kai. Amma mun ga yadda rufe iyaka daga 2019 zuwa 2020, da kuma daga 2023 zuwa 2024, ya durƙusar da mai haja ɗaya. Hoto kuwa, fayil ɗinsa na tsallaka iyaka ba tare da ya kwana a shinge ba.

Shawarata

Ga abin da nake roƙo, kuma bai fi ƙarfinmu ba. Kowace ƙungiyar ƴan kasuwa ta zauna da sarkin magina da masu unguwanni, a zaɓi gine-gine goma a garinta: tsohon masallaci, ƙofar fada, gidan wani attajirin da, rumbu, da ita kanta kasuwar. A yi karo-karo kamar yadda muke yi idan gobara ta taɓa ɗayanmu. A nemo matashi ɗan gari mai sana'ar hoto, a biya shi hakkinsa, idan da hali a tura shi ya ƙaro sani. Maƙwabtanmu na Mali tun 1994 suke taron masu hoto na Afirka a Bamako, a can ɗansu Malick Sidibé ya yi sana'arsa har ya karɓi babbar kyautar baje kolin Venis a 2007, saboda haka ilimin bai yi mana nisa ba.

A rubuta yarjejeniya tun kafin a ɗauka. A doka, galibi wanda ya ɗauki hoto shi ke da haƙƙinsa sai idan an rubuta wani abu daban, don haka a fayyace wa zai riƙe asali, wa zai sayar, nawa ne rabon mai hoto, nawa ne zai koma asusun yaɓen ginin. Ofishin kare haƙƙin mawallafa na ƙasa, wato BNDA, don irin wannan aka kafa shi. Wannan rabon na yaɓe shi ne zuciyar shawarar: hoton ya riƙa ciyar da ginin da ya fito daga gare shi.

A wanke kowane hoto kwafi uku a takarda ta ƙwarai: ɗaya ga mai ginin, ɗaya ga fada ko ma'aikatar magajin gari, ɗaya kuma a miƙa wa gidan tarihi, irin na Bubu Hama da ke Yamai, ko Gidan Makama na Kano ga ƴan'uwanmu na ƙetaren iyaka. Waya na ɓata, katin ajiya na lalacewa, kamfanin intanet na iya rufe wa mutum shafi, amma takarda uku a wuri uku da wuya su tafi rana ɗaya. Sannan a samu attajiri ɗaya, a Maraɗi ko Ƙonni ko Damagaram, ya zuba jari a injin kirki, kowa ya riƙa kawo aiki wajensa maimakon a riƙa aikawa nesa.

Garuruwanmu na canzawa da sauri. Tun 2021 aka ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, kuma duk inda hanya ta bi, fili na tsada, tsohon gini na ba siminti wuri. Ba na cewa a tsayar da ci gaba, ni ma shagon siminti nake ciki. Cewa nake kafin a sa diga, a kira mai hoto. Ba a fafe gora ranar tafiya, watannin rani su ne lokacin wannan aiki. Ni dai zauren kakana ya tafi, abin da ya rage mini koɗaɗɗiyar takarda ce da ban iya nuna wa ƴaƴana dagin da ke kanta ba. Wanda nasa ke tsaye har yanzu, ya yi abin da ban yi ba. Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya kawo mana damina lafiya. Wassalam.